Jinin Tela a Bakin Ƙyalle

Ni na riga kowa gani. Kafin ɗan sanda ya ɗauki biro, kafin likitan gwaji ya sa gilashinsa, kafin alƙali ya buɗe takarda, ni da nake zaune a ƙofar gidan da guduma da basilla na san inda maganar za ta faɗi da wanda za ta danne. Ban taɓa shiga aji ba. Ko sunana aka rubuta aka ajiye mini a gaba, sai na tambaya na wane ne. Amma shekara arba'in da ɗaya ina gyaran takalma a bakin titin nan. Mota ta bi ta kan ƙafata na tashi, gobara ta cinye mini rumfa sau biyu na sake kafawa, wani likita ya ce wa 'ya'yana su je su shirya, ƙarshe ni na raka likitan makabarta. Mutum irina ba ya jiran inji ya gaya masa abin da idonsa ya gani. Na sa an rubuta mini wannan, na sa an karanta mini sau biyu, ba a ƙara ko kalma ba. Abin da ban gani da idona ba, daga bakin mai shi na ji.

Tela muke ce mata. Matar ɗan tsakiya ce a gidan. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗaki ɗaya, da keken ɗinki, da 'ya ɗaya mai shekara tara, siririya, wadda kowa ke kira Allura. Sauran mutanen gidan su ne Inna, uwar mazan, da Yaya Babba, akawu a kamfanin sufuri, mai biro uku a aljihun gaba, da matarsa, sai Auta. Auta ya ba talatin baya, yana haya da babur, amma har lokacin Inna ce ke ɓoye masa nama a ƙasan kwanonta.

Auta yana da wani dogon ƙyalle saƙaƙƙe, baƙi da ratsin toka, da yake naɗawa a wuya ya rufe hanci saboda hayaƙin motoci. Wata Lahadi bakin ƙyallen ya shiga sarƙar babur, ya yage, ya sha baƙin mai. Ya shigo yana kaɗa shi.

"Matar yaya, ki taimaki mijinki na biyu."

"Mijin da bai san hanyar sabulu ba," in ji ta. Ta ɗaga ƙyallen da yatsa biyu, ta kawar da hanci. "Wannan ko kare aka naɗa wa sai ya kai ƙara."

Duk tsakar gidan aka yi dariya, har Inna, tana cewa a bar mata ɗanta ya huta.

Tela tana da wata ƙa'ida da duk mai kawo mata gyara ya sani: ba ta sa allura a tufa mai datti. Ta dafa ruwa, ta jiƙa ƙyallen, ta saɓe shi da sabulu sau uku, ta ɗauraye har ruwan ya fita fari, ta shanya. Da ya bushe ta ga keke ba zai kama saƙa ba, sai da hannu, kuma zarenta ya yi siriri. Ta leƙo rumfata.

"Baba, ara mini baƙin zarenka mai kauri."

Na ce aron zare ai ba ya dawowa. Ta ce to in ɗauka sadaka na yi, tsufa na buƙatar lada. Na yanko mata kamu biyu.

A bakin baranda ta zauna, inda haske ya fi, ina hango ta. Allura ta riƙe mata ɗaya bakin ƙyallen don ya miƙe. Ta lashi zaren ta zura a allura, kamar yadda kowane mai ɗinki a duniya ke yi. In ta kai ƙarshen layi ta ƙulla, ta cije zaren da haƙori. Saƙar ta yi tauri, allurar ta zame ta shige babban yatsanta. Ta tsotse, ta ci gaba, jinin ya sake tsattsafowa, ta dangwale shi a cikin kalmasar ta ninke a kai, tunda baƙin ƙyalle ba ya nuna komai. Inna tana zaune a gefe tana tsintar shinkafa, har ta ce mata ta ɗaure yatsan. Matar Yaya ce ta miƙo mata tsumma. Da ta gama ta goge ƙyallen, ta ninke, ta sa a leda, ta ba Auta. Ya jefa a akwatin babur bai ko buɗe ba.

Ku riƙe wannan da kyau. Ta wanke Auta tas daga jikin ƙyallen, sannan ta ɗinka kanta a ciki.

Duk ranar Talata Tela tana zuwa gidan wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, mai zama ita kaɗai, ta gyara mata labule da zannuwan gado, su yi hira. Auta ke kai ta a babur, wani lokaci ya shiga ya sha ruwa. Talatar da ta biyo bayan Lahadin nan ta je da safe ta dawo kafin azahar. Da la'asar na ga Auta ya dawo yana tura babur, bai kunna ba, safar hannunsa ta tuƙi tana hannunsa, gumi har ƙugu. Ni ƙafa nake fara kallo a jikin mutum, sana'ata ke nan. Yaron da ban taɓa ganin ya goge takalmi ba ya tsaya a famfo yana wanke nasa ciki da waje, har ƙasan. Ya shige ɗakin Inna aka ja ƙofa. Ba a jima ba Yaya Babba ya dawo daga aiki, tun lokacin tashi bai yi ba, shi ma ya shige. Washegari da hantsi Auta ya fita da jaka, aka ce ya sami aiki a wani gari mai nisa.

Ranar ce maƙwabta suka sami tsohuwar nas a kan kujerarta, hannu a ɗaure, an cusa mata ƙyalle a baki an zagaya an ƙulle ta ƙeya. Akwatin sarƙoƙinta babu. Numfashi ne ya gagare ta.

Tela ta yi kuka kamar uwarta ce. Da 'yan sanda suka ce duk mai shiga gidan ya zo a ɗauki yawunsa, ita ta fara zuwa. Suka goga mata auduga a cikin kumatu, ta sa hannu a takarda, ta dawo ta hau keke, don akwai kayan makarantar yaran mutane da take ɗinkawa.

Sati uku bayan nan suka zo da mota. Tana tsakiyar ɗinkin wani wando suka ce ta tashi. Ta roƙi su bar ta ta kai ƙarshen layin, suka ƙi. Allura tana makaranta.

A ofishinsu suka gaya mata akwai wani gwaji da ake kira DNA, gwajin ƙwayar halittar mutum, wanda ke ɗaukar jini ko yawu ya faɗi mai shi. Suka ce an ga tabon jini a bakin ƙyallen da ya kashe nas, an yanki wurin an gwada, jinin nata ne, yawun da ke jikin zaren ma nata ne. Suka ajiye mata hoton ƙyallen. Ta ce mini da ta gan shi sai ta ji sanyi a ranta, don ta ɗauka magana ta ƙare. Ta ce musu ai na ƙanin mijinta ne, ita ta wanke ta gyara, ga ma yatsan, su je gida su tambaya, mutum uku na zaune a wurin. Ɗan sandan ya kama yatsan ya juya shi, ya kira mai hoto. A takardarsu suka rubuta cewa ciwon a wurin kokawa da marigayiya ta same shi.

Sun zo gidan, ba zan yi musu ƙarya ba. A gabana suka nuna wa Inna hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta kai shi nesa, ta ce ita tsohuwa ce, amma ba ta taɓa ganin wannan abu a gidanta ba. Matar Yaya ta kalli ƙasa ta ce ita ma haka. Yaya Babba ya kawo takarda mai hatimi daga kamfaninsu da ke nuna Auta ya hau mota ya bar gari tun kwana biyar kafin ranar. Na tashi daga kan bencina na ce ƙarya ne, ni na ga yaron da idona. Ɗan sandan ya ce, "Baba, koma kan takalmanka," amma dai ya rubuta sunana.

Aka hana beli. Aka kai ta gidan yari jiran shari'a.

Watan farko tana da ƙarfinta. In na je ziyara sai ta tambaye ni ko an kwashe shanyarta, ko masu kayan makaranta sun zo, ko Allura tana cin abinci. Ta ce Inna tsorata ta yi, in hankalinta ya kwanta za ta faɗi gaskiya, ai ita ce ta ce a ɗaure yatsan. Ban gaya mata masu kaya sun zo ɗaya bayan ɗaya sun kwashe yadinsu ba, wasu ko sallama ba sa yi, wata ma ta ce sai ta wanke nata kafin ta kai wa wani tela.

A wata na uku Yaya Babba ya je. Ta ba ni labarin zaman nan kalma da kalma. Ya kai mata sabulu da man shafawa, ya zauna a bayan wayar ƙarfen yana gyara biro. Ya ce ta san ba wanda ya kai ta, inji ne ya faɗi sunanta, su ba su ce ita ce ba, sun dai ce ba su sani ba. Ya ce Inna tana da hawan jini, ta riga ta binne ɗa ɗaya, in aka kama Auta gawa biyu za a fitar daga gidan. Ya ce kotu tana sassauta wa mace, namiji kuwa in ya shiga ba ya fitowa. Ya ce yaron bai yi niyyar kisa ba, tsautsayi ne, kuma yana can ko barci ba ya iya yi.

"Yaya," ta ce, "ni ina yi?"

Ya ce ta yi haƙuri, Allura tana hannunsu, ba za ta rasa komai ba.

"Jimla ɗaya nake roƙo. Ku ce ƙyallen nasa ne. Ba sai kun ce shi ya yi ba."

Ya duba agogo ya ce lokacin ziyara ya kusa ƙarewa.

Matar Yaya ba ta taɓa zuwa ba, amma takan tsaya a rumfata in za ta kasuwa, ta ajiye takalmin da bai lalace ba. Ta ce ita ma ba ta barci. Ta ce 'ya'ya huɗu gare ta, in ta buɗe baki ina za ta kai su. Ta ce kuma, Baba, tsakani da Allah, in Tela ba ta da hannu ko kaɗan, ta yaya inji zai ƙirƙiro ta, ai masu ilimi suka yi shi. Na ce ke kika miƙa mata tsumman. Ta ɗauki takalminta ta tafi, daga ranar ta canza hanyar kasuwa.

Shari'a ta yi ta ɗagewa. Wata bakwai, wata goma, shekara. Aka fitar da keken ɗinkin daga ɗakinta aka kai ɗakin ajiya, aka ce babban ɗan Yaya yana buƙatar wurin karatu. Allura ta koma kwana wurin Inna. Tela ta fara tari. Haƙoranta biyu na gaba, waɗanda take cije zare da su, suka yi girgiɗi suka fita. Wata gandiroba mai tausayi ta kawo mata rigarta don ta sa mata maɓalli, Tela ta riƙe allurar, ta kai zaren bakinta sai ta tsaya, ta mayar wa matar kayanta ta ce ba za ta iya ba. Tun daga nan ba ta ƙara taɓa allura ba. Ta daina tambayar shanya. In na je sai ta tambayi abu ɗaya: yarinyar ta ƙara tsawo?

Da aka zo sauraron shaidu na sa rigata mai kyau. Likitan gwajin mutumin kirki ne, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Lauyan gwamnati ya tambaye shi ko zai yiwu jinin na wata ce daban. Ya ce yiwuwar haka ɗaya ce cikin biliyan. Kotu ta ɗauki guna-guni, alƙali ya rubuta, ya ja layi a ƙasa, ina kallon hannunsa.

Lauyar da hukuma ta ba Tela matashiya ce, fayil goma sha take ɗauke da su a hammata, amma tana da kai. Ta tambayi likitan ko gwajinsa yana faɗin ranar da jinin ya hau ƙyallen. Ya ce a'a. Ko yana faɗin ta yadda ya hau, da kokawa ko da allura. Ya ce a'a. Ko sun gwada duk tsawon ƙyallen. Ya ce inda aka ga tabo aka yanka, haka tsarin aikin yake. Ko sun sami wani ban da ita. Ya ce akwai ɗan burbushin namiji, amma ya yi ƙanƙanta, ba ya karantuwa. Ko wanki da ruwan zafi da sabulu yana iya rage abin da mai ƙyalle ya bari. Ya ce yana iya ragewa ƙwarai. Duk wannan ya faɗa da bakinsa, da gaskiyarsa. Na kalli hannun alƙali, bai ja layi ko ɗaya ba.

Inna ta rantse ta maimaita abin da ta faɗa. Matar Yaya ta maimaita. Yaya ya miƙa takardarsa mai hatimi. Sai aka kira ni.

Na faɗi komai, tun daga sarƙar babur har wankin takalmi. Na ce a kawo ƙyallen, zaren da ke bakinsa nawa ne, na takalmi ne, babu telan da ke ɗinki da irinsa. Lauyan gwamnati ya taso yana murmushi.

"Baba, ran nawa ga wata aka yi wannan ɗinkin?"

Na ce Lahadi ce.

"Wace Lahadi? Shekara tana da hamsin da biyu."

Na ce wadda Talatarta aka kashe nas.

Ya ɗaga wata takarda daga nesa ya ce in karanta abin da ke jiki. Na ce ko a hancina ya ɗora ba zan karanta ba, ban yi boko ba. Aka yi dariya. Ya ce idona na hagu fa, wannan farin da ke ciki? Na ce na dama yana zura zare a basilla ba gilashi, shi ya gwada mu gani. Aka sake dariya, alƙali ya buga tebur.

"In zarenka ne, me ya sa gwaji bai same ka a jiki ba?"

Na ce, "Wannan injinku za ku tambaya. In bai ga ni da na yanko zaren ba, ashe akwai waɗanda ba ya gani."

Ya ce ba shi da sauran tambaya ga tsohon da bai san kwanan wata ba. Na sauko. Tela ta kalle ni daga inda take tsaye ta ɗan sunkuyar da kai, irin gaisuwar da take mini da safe.

Da aka tashi lauyar ta same mu a ɗakin da ake tsare masu jiran mota. Ta ce ba za ta ɓoye mana ba, mutum uku na gida da takarda da biliyan sun fi tsoho ɗaya nauyi. Ta ce saura baki ɗaya. Allura ce ta riƙe ƙyallen, 'yar gidan ce, in ta tsaya ta ce na kawunta ne, dole kotu ta sa a nemo Auta a sake gwada sauran ƙyallen. Ba ta yi alkawarin za a ci nasara ba, amma ta ce ƙofa ce. Ta ba Tela kwana bakwai ta yi tunani.

Ban san wanda ya kai wa Yaya labari ba. Bayan kwana biyu ya je gidan yarin, wannan karon ba sabulu. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce yarinyar da ta tsaya a kotu ta ƙaryata kakarta ba za ta iya komawa ta kwana a ɗakin kakar ba, wannan ko shi ba zai iya gyarawa ba. Ya ce Tela ta tuna ba ta da uwa ba ta da uba, 'yan'uwanta ko sau ɗaya ba su leƙo ta ba. In an yi nasara, to. In ba a yi ba fa, tana ciki, yarinya tana titi. In kuwa an bar yarinya a gefe, shi ya ɗauki karatunta har inda ƙwaƙwalwarta ta tsaya.

Na ce mata ni zan riƙe Allura. Ta yi ɗan murmushi da bakin nan mai giɓi.

"Baba, a rumfa?"

Na ce ina da ɗaki, ina da 'ya'ya.

"'Ya'yanka su suke riƙe da kai. Kuma in lauyan nan ya yi mata abin da ya yi maka fa? Shekararta goma. Kai ka jure, kai ƙarfe ne."

Na ce gaskiya ce a bakin yarinyar. Ta ce gaskiya ce a nawa bakin ma.

Ran kwana na bakwai ta ce wa lauyar a bar 'yarta a makaranta. Lauyar ta yi ta lallashi har ta gaji, ta rufe fayil. Alƙali ya yanke ɗaurin rai da rai. A cikin hukuncin ya ce shaidar kimiyya ba ta da dangi, ba ta da son rai. Inna ba ta zo ba ranar, an ce jininta ya hau.

Bayan shekara ɗaya da rabi Auta ya dawo, ya yi ƙiba, ya sayi sabon babur. Yana wucewa ta gaban rumfata ya ce, "Baba, ina gajiya," ni kuwa in tofar da yawu. Har yau ban karɓi takalmin kowa a gidan ba. Sun yi ƙoƙarin a tashe ni daga wurin, hukuma ta zo ta auna ta ce bakin titi ba nasu ba ne.

Sau ɗaya tak aka bar Allura ta je ganin uwarta, tana da shekara goma sha uku, ni na raka ta. Ta yi tsawo, kayan makarantarta a goge. Ta zauna a bayan wayar ƙarfen ta haɗa gwiwa kamar baƙuwa. Tela ta yi ta kallonta, tana danne tari, tana tambayar darasi da abokai, yarinyar tana amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Can ta ce malaminsu na kimiyya ya koya musu gwajin nan, ya ce ba ya kuskure, ko mutum ya yi shekara ɗari yana musu.

Tela ta ce malami ya fi ta sani.

Yarinyar ta murza bakin rigarta. Sannan ta ce, "Mama, wani lokaci ina ganin kamar na taɓa riƙe miki wani baƙin ƙyalle a baranda, kina ɗinki, kika soke yatsa. Inna ta ce mafarki na yi, don na ji ana ta maganar. Mafarki ne?"

Na buɗe baki. Tela ta ɗago ido ta kalle ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, na rufe. Ta san gidan da yarinyar za ta koma da yamma, ta san hannun da zai zuba mata abinci da wanda zai sa hannu a takardar makaranta. Ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Mafarki ne," ta ce. "Ki riƙe karatunki. Ki riƙa gaida Inna da kyau."

Allura ta gyaɗa kai. Na ga kafaɗarta ta sauka, kamar an sauke mata kaya, kuma na ga ta ja kujerarta baya kaɗan. Da gandiroba ta ce lokaci ya yi, ta miƙe ta ce sai an jima, ba ta ce Mama ba. Tela ta bi ta da ido har ƙofa, sannan ta ce in matso. Ta ce in yi mata alkawari ba zan faɗa wa yarinyar komai ba sai ta gama makaranta. Na yi. A duk wuyar da na sha a duniya babu wadda ta kai riƙe bakin nan.

Tarin ya kai ta a shekara ta shida. Ni da lauyar da gandirobar nan muka karɓi gawar. Gidan suka ce Inna ba ta da lafiya, Yaya yana da taro, yarinya tana da jarrabawa.

Ban ce injin ya yi ƙarya ba. Jininta ne, yawunta ne, ni shaida ne. An tambaye shi na wane ne, ya faɗa. Ba a tambaye shi yaushe ba, ba a tambaye shi ta yaya ba, don ba shi da amsa, kuma waɗanda ke da amsar suna zaune a tsakar gida suna cin abinci. Sun sami abin da za su ɓuya a bayansa, abin da ba ya jin kunya kuma ba a kallonsa ido cikin ido. A gida irin wannan wanda ke wanki da guga da gyara shi ne jikinsa ke kan kayan kowa. Mai sawa ya tafi ba ya barin komai.

Allura ta gama makaranta watan jiya, da sakamako mai kyau, Yaya ya yanka kaza. Alkawarina ya cika. Takarda ta farko da aka buga ta wannan labari ita na aika wa.

Wanda ya ce tsufa ne ke sa ni surutu, rumfata ba ta da ƙofa, ina nan daga safe har faɗuwar rana. Ya zo da Yaya Babba, ya zo da Auta, ya zo da likitan da gilashinsa, in maimaita a gabansu ba tare da na sauke ido ba, mu ga wanda zai fara kallon ƙasa. In kuma ya fi yarda da inji, to ya tuɓe rigar da ke jikinsa yanzu, wadda matarsa ko ƙanwarsa ko uwarsa ta wanke ta goge ta sa wa maɓalli, ya kai a gwada. Amma ya fara rantsewa a gabana cewa duk sunan da ya fito, zai yarda a ɗaure mai shi. Ina jira.